Akwati na Arba'in da Bakwai

Ruwan Sitka bai ɗauke ba tun Talata.
Na sa farar safar hannu, na zauna,
na kwance igiyar akwati na arba'in da bakwai.
Warin gishiri da tsohuwar tawada ya taso,
irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ga rubutun Arkhip Somov, magatakarda,
harufansa a karkace kamar jirgi cikin iska:
fatun dabbar ruwa ɗari uku da tara,
ganyen shayi, ƙusoshi, garin alkama,
ƙanƙara tan ashirin, za a kai kudu
ga masu haƙar zinariya da ƙishi bai bari ba.

Ga amsar Lemuel Pratt daga Boston,
lissafi tsaf, ko sisi bai ɓace ba.
Amma a gefen shafi, da ƙananan baƙaƙe:
"Tsarkiyar gogen da ka roƙa tana ganga ta uku.
Yaya ɗiyarka? Tarin ya lafa?"
Wata goma sha ɗaya wasiƙar ta yi a teku.
Ko ta iske yarinyar, takarda ba ta faɗa ba.

Manya suka yi ciniki, aka sauke tuta,
aka ɗaga wata a tudun da nake hange ta taga.
Ranar, Somov ya ƙirga kyandir, ya ƙirga igiya,
sai ɗigon tawada guda, ƙato,
inda alƙalami ya tsaya, bai ga hanya ba.

Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro yana shafi na tara:
"Mafarautan tsibiri, goma sha huɗu, sun fita.
Tara sun dawo."
Babu suna. Ko na mutum ɗaya.
An rubuta sunan jirgi, har da na karen kyaftin.
Kakata takan ce kakanta ya shiga kwalekwalen fata
wata asuba, da mashi da busasshen kifi,
teku kuwa ba ta mayar da shi ba.

Na ɗauki fensir, don doka ta hana biro a nan.
A katin bayani, ƙarƙashin "Ciniki: Rasha da Amurka",
na ƙara layi: akwai biyar da ake nema.
Mai gadi na kaɗa makullai a bakin ƙofa.
Na ɗaure igiyar yadda na same ta,
na fita cikin ruwan da har yanzu bai ɗauke ba.