Kalandar Shagon Gyara

A shagonmu na Bur Sudan, bayan tashar manyan motoci,
akwai kalandar da shekararta ta daɗe da wucewa.
Cikin kwalin fistin ta zo daga Japan,
na kafa mata ƙusa sama da durom ɗin baƙin mai,
ban ƙara juya shafinta ba.
A bangon nan kullum watan huɗu ne.

Farin gida ne na sarakunan da,
rufi bisa rufi, kowanne da baki a ɗage
kamar balbela ta buɗe fiffike tana shawarar tashi.
Gindinsa duwatsu ne, an jera su sun kama juna.
Ga gwalalo cike da ruwa,
ga wata siririyar gada ja,
itatuwa sun yi fure tun ba su yi ganye ba,
wata tsohuwa da laima ta ba mu baya.
Shekara tara ina jiran ta waiwayo.

Rubutun ƙasan hoton ba mai iya karanta shi.
Barau mai walda ya ce kamar kaji sun yi tono.
Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa gaya mana sunan gidan,
kafin ya shanye shayin Kaltume mun manta.

Ranar da Zulai ta kawo mini abinci
ta tsaya gaban hoton har miya ta huce.
Ta ce, Baba, mu ba mu da irinsa?
Na ce muna da shi.
Bakina ne ya riga ni.

Ran Juma'a muka hau bas zuwa Sawakin,
teku a hagu, duwatsu a dama sun yi jawur.
Muka shiga ta tsohuwar ƙofa,
ina ta gyaran murya kamar mai bin bashi.
Gidajen da aka gina da dutsen teku
sun durƙusa, wasu sun kwanta ruf da ciki.
Wata taga ta katako, an sassaƙa ta da haƙuri,
tana rataye ba ɗaki a bayanta.
Kyanwoyi ne masu unguwa yanzu,
ba su ko tashi sun gaishe mu ba.

Na ce mata, nan kakana ya iso da ƙafa daga Haɗeja,
shekara bakwai yana tafe yana noma a gonar mutane.
Nan ya zauna jiran jirgin Jidda,
ya ɗauki buhu, ya sayar da ruwa,
kuɗin jirgi na taruwa, ciwo na cinyewa.
Ban san wane bango ya jingina da shi ba.
Na nuna mata ɗaya dai.

Ba ta ce ya kai na hoton kyau ba.
Ba ta iya ƙarya ba, uwarta ta biyo.
Ta tsuguna ta tsinci ɓarin dutse mai huji-huji,
ta lasa, ta ce da gishiri.

A bakin ruwa, inda kwale-kwale ke goga kafaɗa,
wata tsohuwa ta ba mu baya tana soya gyaɗa cikin yashi.
Zulai ta ce, Baba, yunwa.
Sai tsohuwar ta waiwayo,
ta ce da Hausa tsantsa, 'yar gidan wa ce wannan?
Ta ƙi karɓar kuɗinmu.

Yanzu dutsen yana kan kanta, ƙarƙashin kalandar,
tsakanin sufana da gwangwanin giris.
Jiya na ɗaga hannu in share ƙurar hoton,
na bar shatin babban yatsana baƙi ƙirin
a sararin samaniyarsu.
Barau ya ce hadari ne, bar musu,
ai su ma suna son ruwa.