Suna na Arba'in da Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo,
an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
ina ƙirga madogaran takardata:
arba'in da uku, duk manyan baƙi,
ba wanda ya taɓa shan ruwan Rima.

Shekara uku ina bin rijiyoyin Kwalkwalawa,
ina auna gishirin da ke cin albasa.
Lambobi suka cakuɗe kamar tsakuwa a shinkafa.
Wa ya tsince min? Manhajar Modi.

Modi Ɗan'ige, mai kula da ɗakin gwaji,
shi ya rubuta ta tsakanin azahar da la'asar
a kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
batirinta ɗaure da roba.
Ko suna bai raɗa mata ba sai da na matsa,
ya ce, "To, kira ta Rariya."

Editan mujalla ya rubuto daga nesa:
"Kayan aiki ne. Wa ke kafa hujja da guduma?
Mayar da shi wurin godiya."
Wurin godiya! Can inda ake tsugunar da direba
da wanda ya kawo shayi.

Na tuna kakana a Gidaɗawa.
In ya gama kwafar littafi
ba ya mayar da shi gafaka sai ya rubuta a ƙasa:
na karɓo daga wane, shi kuma daga wane.
Yakan ce ilimin da ba shi da dangi
ɗan tsintuwa ne.

Na tuna fatar jar akuyarmu
da majema suka jeme da bagaruwa,
ta ƙetare hamada a bayan raƙumi,
ta shiga kasuwa da sunan wata ƙasa.
Hannun da ya sha wari bai ji ƙamshin yabo ba.

Ga kuma wannan: siga ta biyu ta yi tuntuɓe
a rijiya ta tara, ta uku ta gyara.
Mai bin sawuna gobe,
in ban faɗa masa wadda na hau ba,
wace rijiya zai faɗa?

Sai na buga: Dan'ige, M. Rariya, siga ta uku,
shekara, da adireshin inda take zaune.
Arba'in da huɗu.

Da safe na nuna masa. Ya daɗe yana dubawa,
ya goge tabarau da bakin riga,
ya ce, "Dakta, kin manta ƙugiyar Ɗ."
Sannan ya juya ga kwalaben da ke jiran wanki.