Buhu Tara

Na biya kuɗin shiga na mutum biyu a ƙofar Chitwan.
Baba na tsaye yana kallon hannuna
kamar mai ganin ana zuba gishiri a kogi.
Ya ce, “Sonmati, abin da ke zuwa mini gona kyauta
shi za ki saya mini da guminki?”

Shekara talatin da ɗaya yana kwana a rumfar gora,
can sama, kan ƙafafu huɗu masu rawa,
gwangwani a dama, a hagu tocila mai lumshewa,
yana yi wa dare ihu
ko karkanda za ta bar masa shinkafa.
Bai taɓa ganin ta da rana ba.
Da huci ya san ta, da wari, da sawu,
sawu mai yatsa uku, faɗin faranti,
da yakan tarar da asuba cike da ruwa
a inda jiya zangarniya take.

Muka haye Rapti a kwalekwale,
kadoji masu siririn baki na shan hantsi a kan yashi.
Aka loda mu a bayan jif
tare da baƙi uku, kowa da kyamara kamar taɓarya.
Dukhan mai jagora, ɗan jiya-jiya,
yana ta zuba da yaren baƙi.
Baba ya riƙe ƙarfe, ya yi gum.

Ciyawa ta shanye mu har muna tsaye.
Barewa mai ɗigo-ɗigo, ɗawisu, birai a kan reshe,
awa biyu cur, babu ita.
Baba ya raɗa mini,
“Ba wanda ya gaya mata mun biya.”

Can sai ya dafa kafaɗar direba.
Ya shaƙi iska sau biyu,
ya yi nuni da haɓa.

Ga ta kwance a taɓo,
fata ninki kan ninki kamar ƙyauren ƙarfe mai ƙusoshi,
ƙaho ɗaya tilo, gajere, dakusasshe,
balbela a gadon bayanta na cin kasuwarta.
Kunnen hagu a tsage.

Kyamarori suka hau ƙyas-ƙyas.
Baba ya ce, “Ita ce.
Wayar shingena ce ta yi mata wannan,
shekarar da ƙaninki ya yi haƙori.
Buhu tara nake bin ta.”

Sai taɓon ya motsa ta gefenta,
wani dunƙule ya miƙe, bai kai ɗan maraƙi ba,
ba ƙaho, sai kunnuwa,
ya yi tuntuɓe, ya cusa kai ƙarƙashinta.

Baba ya daɗe bai ce uffan ba.
Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.
“Jinkar ɗakin da aka haife ki,” in ji shi,
“a nan na yanko ta, da duhu, ba takarda.
Itacen da ya dafa muku tuwo shekarar ambaliya,
kifin da uwarki ta sha romonsa tana jego,
duk daga gonarta.
Ita dai ba ta da gwangwanin bugawa.”

Na ce, “To, an yi canjaras ke nan?”
Ya harare ni. “Wa ya ce?
Ciyawa daban, shinkafa daban.”

A hanyar komawa ya sa na nuna masa hoton a waya,
ya ja shi da yatsa har kunnen ya cika gilashi.

Daren nan ya hau rumfarsa kamar kullum.
Ina kwance, ban yi barci ba,
na ji huci daga bakin kogi,
na ji karan shinkafa na karyewa.
Na ƙirga har arba’in a zuci
kafin gwangwani ya yi ƙara.