Teburin Kawu Bawa

A Nima, bayan la'asar,
sa'ad da hayaƙin masu tuya ke cakuɗa da na motocin haya,
Kawu Bawa ya kife kwali a tsakar gida,
ya yafa masa tsohon mayafin Inna,
ya ce, wannan tebur ne.

Shekara talatin da ɗaya yana ɗaukar faranti
a wani otal na bakin teku.
Abin da ya tsira da shi:
wuƙa ɗaya, cokali mai yatsu ɗaya, sai ciwon baya.

"Lantana, zauna.
Ba haka ba, sai ka ce kaza kan ƙwai.
Miƙe bayanki. Janye gwiwar hannu.
Wuƙa a dama, manuniya bisa gadon bayanta,
lallaɓa ta, ba layya kika zo yi ba.
Mai yatsu a hagu, haƙoransa na duban ƙasa."

Inna Talatu ta saki muciya, ta yi salati.
"Hagu? A gidan nan?"
Kawu bai ɗago ba.
"In kin yanka, kwantar da wuƙa, ki maido shi dama.
Na ga manya sun yi, ba wanda ya kore su."

Kwana huɗu muna yankan dafaffiyar doya
muna kiran ta nama.
Kada ƙarfe ya yi kuka a faranti.
Kada ki hura miya, ki jira ta, ita ma baƙuwa ce.
Kada ki nuna mutum da wuƙa ko da shi ne da laifi.
In kin ƙoshi, jera su kafaɗa da kafaɗa,
mai kwashewa zai karanta daga nesa.

Sai ya yi shiru, yana goge wuƙar da bakin riga.
"In ya zo ɗauka, ki dube shi a ido,
ki ce, na gode.
Wannan ba ya cikin abin da aka koya mini.
Ni dai na jira shi, shekara talatin."

Daren Juma'a, a Osu, walimar ofishinmu.
Cokula uku, wuƙaƙe biyu, kofuna kamar za a buɗe shago.
Na fara daga waje ina shigowa ciki, yadda ya ce.
Miya ta wuce lafiya. Kifi ya wuce.
Sai cinyar kaza ta ƙi sarauta,
ta zille wa wuƙa, ta haye bakin faranti,
ta sauka a farin wandon akantanmu, Mista Lamptey.

Da ƙasa na da ƙofa, da na shige.

Wani yaro mai baƙar kwat ya ɓullo ba motsin ƙafa,
ya rufa wa kazar adiko, ya rufa mini asiri,
ya sake faranti kafin dariya ta samu wurin zama.
Na dube shi a ido.
Na ce, na gode.
Ya tsaya cak, kamar an kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ta sani.

Bara da damina, ɓarin Kawu na dama ya shanye.
Likita ya ce ya koyi ci da ɗayan.
Ya kau da kai ga bango.
Wuƙar tana nan cikin gwangwanin madara, tare da allurai.

Yanzu in na taso aiki, ni nake wanke hannu,
in gutsuro tuwon zafi, in mulmula shi ƙanana,
in tsoma a miyar ayoyo,
in jira ta huce, ba na hurawa.
Yana karɓa a hankali, miya na bin gefen gemu.

Jiya ya motsa baki, na kai kunne kusa,
ina zaton ruwa yake so.
Ya ce, "Lantana,
gwiwar hannunki."