Inci Shida

Allona na kullum ya ci amanata ranar Talata.
A'a, bari in faɗi gaskiya:
ni na kai shi inda ba a kai yaro.
Igiyar ruwa ta taso daga kudu, ta tsotse ruwan gabanta
har dutsen murjani ya yage haƙora,
na tuƙa da hannu, na tuƙa, na miƙe a makare.
Sauran labarin yana rubuce a gadon bayana,
layi uku,
Ina Merlin ta matsa musu lemun tsami
tana faɗa, ina ihu.

Da ƙurajen suka yi ɓawo
na bi ta ƙarƙashin itatuwan kwakwa na Sorake
zuwa rumfar Ama Sökhi, mai ɗinkin alluna.
Warin danƙo ya riga shi yi mini maraba.
Farar ƙura a girarsa, sigari a bayan kunne,
bai tambaye ni ciwon ba.
Ya ce, juya.
Ya karanta bayana kamar rasit.

Ka makara, in ji shi.
Ba tsoro ne ya kayar da kai ba, tsayi ne ya gaza.

Uku ya jingina da bango.
Na fari shuɗi ne, wani Bature ya bari a madadin kuɗin ɗaki,
faffaɗa, mai ƙiba a ciki.
Wannan, in ji shi, zai ɗauke ka da wuri
amma in bangon ruwa ya miƙe tsaye
zai yi ta tsalle kamar akuya a kan kwalta.
Na biyu ƙafa bakwai, siriri,
na kai hannu tun bai gama magana ba.
Ya doke hannun.
Girman kai kake son saye ko allo?
Cikin kogon ruwa babu filin juya wannan.

Na uku ba ya kama ido.
Fari ne da ya tsufa ya koma kalar haƙori,
ƙafa shida da inci shida,
inci shida kacal ya ɗara wanda na karya.
Wutsiya mai tsini kamar bakin alƙalami.
Ya kwantar da shi, ya ce in tsuguna in duba lanƙwasar:
hanci a ɗage, don kada ya nutse in ka faɗo daga sama.
Ya ja yatsuna bisa gefen,
sirara, masu cizo.
Gefe mai kauri yana gardama da ruwa,
wannan yanka yake, ya riƙe.

Na ce, inci shida me zai yi mini?
Ya ɗaga yatsa ɗaya.
Numfashi guda.
Ka riga ta tashi da numfashi guda,
ba ka buƙatar fiye da haka.

Na sa shi a hammata, ya yi nauyi,
gilashi ninki biyu.
A ƙasan, kusa da ƙege, da fensir ƙarƙashin danƙo:
Faozi, da wata shekara.
Ɗansa ne. Yana Batam yana walda a tashar jirage,
damina huɗu bai taɓa gishirin nan ba.
Tsohon ya kau da kai ya gyara gwangwanin da ba ya buƙatar gyara.

Kuɗina bai kai rabi ba.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya zuba a aljihu.
Sauran ka kawo mini da kifi.
Kuma ka sauya igiyar ƙafar nan taka,
ta kwana biyu.

Yanzu asuba ce. Ina goga kaki a duhu,
ina jin tekun yana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.
Bayana yana ƙaiƙayi.
Allon bai san ni ba tukuna,
amma ya san hanyar.