Tagogi Marasa Labule

A unguwarmu ta Houten ba a sa labule.
In magariba ta yi, kowane gida ya kunna fitila
ya baje cikinsa ga mai wucewa:
ga tebur, ga furanni, ga maigida yana yanka burodi.
Wai mai gaskiya ba ya rufe taga.

Ranar Laraba da tsakar rana ake tashin yara.
Mu huɗu ne a bencin sama, wurin koyon iyo:
ni, da Marijke mai dariyar da ke korar agwagi,
da Saskia, da Wietske.
Zafin wurin kamar bakin murhu,
kowa ta tuɓe rigar sanyi ta ɗora a cinya.
Wietske kaɗai ba ta tuɓewa.
Ta ce jikinta ne ba ya son iska.
Muka ce haka ne. Muka miƙa mata gahawa.

Shekara biyu muna cewa haka ne.
Ta ce keke ne ya kayar da ita a kan ƙanƙara,
a watan da ko raɓa ba ta daskare ba.
Ta ce ƙofar kabad. Ta ce matakala.
Gidan nan nasu, in ji Marijke a hanya,
kayan cikinsa duk mafaɗata ne.
Muka yi dariya.
Allah ya yafe mana dariyar nan.

Diederik kuwa, wa zai ce?
Shi ke share wa tsohuwa Annelies indararo,
shi ke tuna ranar haihuwar kowa.

Gidansu na kallon nawa.
Wani dare na tashi ɗumama wa jariri madara,
na ga fitilarsu, na ga hannu ya tashi,
na ga ta dafa bango kamar mai laluben makunni.
Ba kuka, ba ƙara; gilashin ninki biyu ne.
Na tsaya har madarar ta tafasa ta zube.
Washegari na sayo labule.
Ni ce ta farko a layinmu.

Ta lura.
Laraba ta zo, ta zauna kusa da ni,
idonta na kan ruwa, inda ɗanta Jelle
ke koyon iyo da riga da wando da takalmi,
yadda ake koya musu a ƙasar nan mai yawan ruwa,
don ranar da ka faɗa, ba tuɓewa za ka tsaya yi ba.
Ta ce, "Labulenki ya yi kyau."
Na ce, "Wietske."
Ta ce, "Da wuri a rumfar kekunanki?"

Tun daga nan jakar iyo takan zo da nauyi
ta koma da jiƙaƙƙen tawul kaɗai.
Fasfo. Katin asibitin Jelle.
Zoben kakarta a cikin safa.
Saskia ta kawo tsohuwar waya, ba ta tambayi komai ba.
Marijke, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba,
ta haɗiye wannan har wata biyar,
tana gaishe shi a kasuwar Asabar,
har da taya shi zaɓen tumatir.

Ranar da aka ba yara takardar shaida
Diederik ya zo da furanni, ya ɗauki hoto, ya koma ofis.
Motar Saskia na bayan gini, inji a kunne.
Jelle ya shiga, gashinsa na ɗigar ruwa,
yana tambaya ko za a tsaya sayen soyayyen dankali.

Yanzu mu uku ne a bencin, ƙannensu ne a ruwa.
Ban san garin da take ba; haka muka shirya.
Da yamma yakan tsaya a tagarsa,
tebur a goge, furanni sababbi,
ya ɗaga mini hannu.

Na cire labulen.
Nakan tsaya, ina kallonsa, hannuna a ƙasa,
har sai shi ya kashe fitila.