Ba a Faɗa Ba

Ƙarfe biyun dare a ɗakin jinyar mata,
ledar ruwan gado na huɗu tana ɗiga a hankali.
Na kafa agogo a gefen tiren allura,
na buɗe takardun da Madam Kuyet ta raba mana ran Asabar
a ajinta na saman bene, can Barnawa.
Minti sittin, nassi uku, tambaya arba'in.
Bismillah.

Nassin farko kan dutsen ƙanƙara ne,
yadda yake narkewa a wata ƙasa
da harshena ya kasa ɗaukar sunanta.
Ni da iyakar ƙanƙarar da na sani
ita ce ta kular mai zoɓo a Kasuwar Barci.
Na ja layi da fensir, na tsallake, na dawo,
kamar mai tsince tsakuwa a farantin shinkafa.

Amsa uku kawai suka yarda da su:
gaskiya ne, ƙarya ne,
ko kuwa ba a faɗa ba.
Ta ukun nan ke kayar da ni kullum.
Madam ta ce, kar ki shigo da abin da kika sani,
abin da ke kan takarda shi ne duniya.

Inna Tabawa ta yi tari, ta nemi ruwa.
Na tsayar da agogo. Ran jarrabawa ba mai tsayar mini.
Ta ce, 'yar nan, wasiƙar wa kike karantawa da tsakar dare?
Na ce, ta Turawa ce, Inna.
Ta ce, to ki gaishe su,
ta ja zane ta koma barci.

Sai rubutu. Zane suka kawo,
layi ya hau tudu, ya ɗan huta, ya gangaro:
yawan yadin da wata masaƙa ta saƙa cikin shekara talatin.
Bayyana shi da kalma ɗari da hamsin,
ban da ra'ayinki, ban da "ni".
Na rubuta: ya ƙaru sannu sannu,
ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗi warwas.
Warwas ba ta da 'yar'uwa a Turancina,
na sa wadda aka ce ana ba ta maki.

Ai na san layin nan.
Keken Baba ne yana tsallaka gada zuwa Kakuri
tun kafin assalatu,
jiniyar canjin aiki, burbushin auduga a girarsa,
da ranar da ya dawo da rana tsaka,
ya jingine keken a zaure,
bai ƙara ba tayarsa iska ba.
Duk wannan, ba a faɗa ba.

Suna son sakin layi mai kai da wuya da ƙafa,
"bugu da ƙari", "sai dai kuma", "a taƙaice".
Shekara tara ina rubuta rahoton majinyata da harshensu,
ban taɓa kashe kowa da kuskuren nahawu ba.
Amma sau biyu ke nan rabin maki yana tare mini ƙofa,
rabin maki, adashin wata biyar ya bi ruwa.
Rifkatu da muka fara tare
yanzu hoton rigar sanyi take turo mini,
hancinta ja, tana dariya.

In na ci, wa zai auna jinin Baba ran Juma'a?
Wannan tambayar ba ta cikin arba'in ɗin.

An ɗauke wuta. Janareto ya yi gyaran murya, ya kama.
Na ƙirga kalmomina da tsinin fensir:
ɗari da arba'in da bakwai.
Saura uku.
Ladanin bayan katanga ya fara,
ledar gado na huɗu ta kusa ƙarewa.
Na ajiye fensir a tsakiyar jimla,
na wanke hannu,
na je na canza ta.